An Sauke Tuta, An Bar Idirisu

Yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku ban taɓa faɗa wa kowa shi da bakina ba. Wanda bai san ni ba, ni ce Uwani 'yar Malam Isma'ila mai saƙar malfa, ta unguwar Barroquinha a garin Salvador na ƙasar Brazil. Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Ƙosai nake soyawa a bakin hanyar da ke gangarawa tashar jirage. A nan aka haife ni, ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin Baba.

Shi Baba tun yana saurayi aka kama shi a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, aka ƙetaro teku da shi a matsayin bawa. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana ɗaukar Turawa a kujera bisa kafaɗa, hawa da gangara, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, kafin ya fanshi kansa, ya fanshi Inna Altine. Ni kaɗai Allah ya bar musu. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, A'ishatu, shi ya sa ake ce mini Uwani. Tunda na yi wayo burinsa ɗaya ne, a binne shi inda aka binne iyayensa. Da tari ya kama shi a daminar da ta gabaci lokacin, sai burin ya zama gaggawa.

Ana cikin haka Idirisu ya shigo rayuwata. Haihuwar nan ne shi ma, amma yana ɗan shekara goma sha biyar kawunsa ya koma da shi bakin tekun can, garin Adogbe. Harshe huɗu yake ji, har ya zama tafinta a gidan jakadan wata ƙasar Turawa da ke zaune a garin. Jakadan ne ya aiko shi da wasiƙu zuwa ga takwaransa na nan, ya sauka daga jirgi da yunwa, ya tsaya a gaban kaskona. Da harshen Fotugal ya fara tambayar ƙosai. Da na ƙone yatsa na ce "wash, Allah," sai ya tsaya yana kallona.

"Bahaushiya ce ke?"

"'Yar Bahaushe dai," na ce, ban ɗaga kai ba.

Wata biyu ya yi a garin. Kafin ya tafi an kai goro gidanmu, Baba ya ba shi ni. Ya koma da alkawarin zai samo mana takarda mai hatimin jakadansa, wadda za mu sauka Adogbe da ita ƙarƙashin tutarsu ba mai taɓa mu, a ɗaura aure, sannan ya haɗa Baba da Inna da ayarin fatake zuwa arewa. Bai saɓa ba. Takardar ta zo, mai kauri, da jan hatimi kamar tafin jariri. An rubuta sunan Baba da na Inna, sannan nawa a gefen na Idirisu, da bayanin cewa ni ce matar da zai aura. A ƙasan akwatina na ajiye ta, cikin zanen saƙi mai ratsin shuɗi da ya kawo mini.

To, saura kwana goma sha ɗaya jirginmu ya tashi, ran nan da hantsi, na hango Baffa Ɗanbaba yana hawo hanya. Aminin Baba ne, a jirgi ɗaya aka kawo su, yanzu fataucin goro yake yi, duk jirgin da ya zo daga can sai ya san da shi. Kullum da tsokana yake isowa, yana cewa amaryar tafinta ta ba shi ƙosai na toshiyar baki. Ran nan sallama kawai ya yi.

"Ina kwana, Baffa?"

"Lafiya, 'yata. Kashe wutar nan ki tafi gida."

"Ƙullun bai ƙare ba."

"Bar shi."

Ya miƙo mini wasiƙa a naɗe cikin ganyen goro. Da ajami Idirisu ke rubuto mini, Baba ya koya mini tun ina ƙarama a ɓoye, ƙofa a rufe, don har yanzu 'yan sandan garin nan ba su ƙaunar ganin rubutunmu. Ban iya jira ba. Na juya baya ga hanya na buɗe.

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Uwani, ki karanta wannan a zaune. Wasu mutum uku sun gudu daga hannun sarkin garin nan sun shige gidan jakada. Sarki ya aiko a ba shi su, jakada ya hana. Aka kira mu fada. A gaban fadawa jakada ya faɗi magana mai zafi. Na sassauta ta, sai ya gane, ya ce in faɗa yadda ya faɗa. Na faɗa. Sarki ya ce Bature baƙo ne, bai san abin da bakinsa ya ɗauko ba, amma ni da harshen garin na zage shi. Bayan kwana uku jakada ya sauke tuta, ya shiga jirgin ƙasarsu da mutanensa da waɗancan ukun. Na bi su har bakin ruwa, aka ce babu sunana a cikin masu tafiya. Yanzu ina tsare a gidan wani bafade. Ba a dake ni ba, ana ba ni abinci. Sarki ya sa doka, duk wanda ya sauka da hatimin jakadan, ko yake da alaƙa da ma'aikatansa, ba zai fita garin ba sai ranar da aka shirya da Turawan. Ki gaya wa Baba ya yafe mini. Kada ku zo da takardar nan."

Sau uku na karanta. Manjan da ke kasko ya ƙone har hayaƙi ya tashi, wata Bayarabiya mai sayar da lemo kusa da ni ce ta sauke shi.

Ɗakinmu a ƙarƙashin wani tsohon bene yake, sai an sauka matakala biyar. Taga ɗaya ce, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Na tarar da Inna tana ɗaure tukwane da igiya, akwatuna biyu a jere, an riga an ba maƙwabta gado da turmi. Baba na kan buzunsa cikin farar rigarsa ta Juma'a, da ragowar malfar da bai gama ba a cinya.

Na durƙusa na karanta musu. Da na gama Baba ya daɗe yana juya zoben azurfar da ke hannunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Yaron kirki. Bakinsa aka ara, aka bar shi da laifin."

Inna ba ta ce komai ba game da Idirisu. Tambaya ɗaya ta yi: "To tafiyar fa?"

Washegari na ce sai na je gidan jakadan ƙasar da ke nan. A raina na ce ai mutuminsu ne, shekara bakwai yana musu aiki, shi ya kawo musu wasiƙu da hannunsa, ba za su rasa abin yi ba. Ku dubi wautata. Na ɗaura zanena mafi kyau, na sa farar riga mai leshi a wuya, na naɗa ɗankwali irin na matan garin, har takalmi na sa don a san 'ya ce ni ba baiwa ba. Inna ta raka ni, tana tafe tana cewa wahalar banza ce.

Gidan jakadan a Vitória yake, unguwar manyan Turawa ce, gidaje masu lambu suna kallon teku. Inna ta nuna mini wani gida da haɓa, ta ce nan Baba ya taɓa bauta. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, amma sai da inuwar ƙofar ta ƙare a kanmu kafin mai gadi ya bar mu muka shiga. Ba mu ga jakada ba. Wani akawu muka gani, siriri, da tawada a yatsa. Bai ce mu zauna ba.

Na ajiye takardar a gabansa na yi masa bayani da harshen Fotugal, a hankali, yadda na shirya a hanya.

Ya duba hatimin. "Namu ne," ya ce. "Amma gidan da ya buga shi babu shi yanzu."

"Mutumin da ke ciki fa, ranka ya daɗe? Ma'aikacinku ne."

"Ɗan ƙasarmu ne?"

"A'a."

"Ɗan Brazil ne?"

"A nan aka haife shi, amma ya bar nan tun yana yaro."

"To talakan sarkin can ne."

"Sarkin ya ce naku ne."

Ya ɗan ɗaga kafaɗa. Ba mugunta na gani a fuskarsa ba, da ma ita ce da na samu abin riƙewa. Ya ce tsakanin ƙasarsu da sarkin Adogbe yanzu babu magana, sai an rubuta gida, manya sun zauna, amsa ta dawo. Na tambaye shi kwana nawa ke nan.

"Wata shida. Ko shekara. Wani lokaci a aika kyauta a shirya, wani lokaci a aika jirgin yaƙi."

"In aka aika jirgin yaƙi, shi da ke tsare fa?"

Ya turo mini takardar da ɗan yatsa, ya kira na bayanmu.

A hanyar dawowa na tsaya inda ake hango teku, na cire takalmin don ya ci mini dunduniya. Jirage na nan birjik a ruwa, kowanne da tutarsa. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Inna ta tsaya can gefe har na gama, sannan ta ce, "Share fuskarki, kada ubanki ya gani."

Da la'asar Baffa Ɗanbaba ya zo da shawara. Ya zauna kusa da Baba, ni ina bayan labule ina jiƙa wake, ko da yake na san ba zan soya ba.

Ya ce takardar fita ta 'yan sandan nan tana hannunmu, ita kaɗai kyaftin ɗin jirgi ke buƙata. A can kuma sarkin bakin ruwa tambaya ɗaya yake yi wa baƙo: wane ne mai masaukinka? Ƙanensa Muhammadu yana Adogbe yana fataucin goro, zai tarbe mu a matsayin danginsa, cikin kwana kaɗan ya sa mu a ayarin arewa.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji shi, ya rage murya, amma ɗakin bai kai girman da za a ɓoye magana ba. "Ana bincika kaya. Kada a ga hatimin nan. Kuma kada wani ya ambaci sunan yaron, ko a jirgi ko a ƙasa. In aka tambaye ta, ba ta san shi ba. In ba haka ba, ku duka ukun za a riƙe, har da ɗan'uwana."

Baba ya yi tari mai tsawo. Na ga Inna ta karɓe ƙyallen da ya tare bakinsa da shi da sauri ta dunƙule a hannu. Ta makara, na ga jan da ke jiki.

Bayan Baffa ya tafi Inna ta same ni a bayan gida wajen murhu. Kasancewata 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Ke, kin ji dai."

"Na ji, Inna."

"To me kika ce?"

"Ku tafi ku biyu. Ni in zauna wajen Gwaggo Jummai matar Baffa har a shirya."

"In bar budurwa ita kaɗai a garin nan? Kuma wa zai riƙe mini shi kwana arba'in a kan ruwa? Kin ga hannuwana." Ta miƙo su. Wankin kayan Turawa na shekara talatin ya lanƙwasa yatsun. "Yaron da kansa ya ce kada a zo da takardar. Ba ke kika yashe shi ba."

"Takarda ya ce, Inna. Bai ce in ce ban san shi ba."

"Miji ana samun wani. Uba fa?"

Me zan ce? Ku gaya mini, ku da kuke karantawa, me za ku ce?

Kwana huɗu muna haka. Inna ba ta yi mini faɗa ba, sai dai duk inda na juya idonta na kaina. In Baba ya yi tari ta dube ni. In ƙararrawar coci ta buga ta ce, "Wata rana ta tafi." Maƙwabta suna shigowa sallama, suna ba Baba saƙo zuwa garuruwan da wataƙila ma babu su yanzu, wannan ya ce a gaida Katsina, wannan ya ce in an bi ta Bida a tambayi gidan wane. Baba na karɓa yana murmushi, yana maimaita sunayen don kada ya manta.

A rana ta biyar bayan sallar asuba ya kira ni.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Na ji abin da ke tsakaninki da mahaifiyarki. Ni na ba yaron nan ke, da bakina, gaban shaidu. Ba zan ce ki ƙaryata shi ba. Ƙasa duk ta Allah ce. In nan aka rubuta mini, Ɗanbaba ya san yadda ake wanka da yadda ake juya fuska gabas."

Yana faɗa yana shafa murfin akwatin da ya sa allonsa da tasbaharsa a ciki, bai ma san yana yi ba. Wallahi da ya tilasta mini da ya fi mini sauƙi. Da na yi kuka, na ce an zalunce ni, na samu wanda zan ɗora wa. Sai ya sakar mini abin gaba ɗaya a hannu.

Na tashi na buɗe akwatina. Na warware zanen saƙin, na ɗauko takardar na fita bayan gida. Inna ta riga ta hura wuta don kunu. Na tsuguna na daɗe ina kallon sunayenmu biyu a jere, da rubutun Turawa mai lanƙwasa. Sannan na tura ta ƙarƙashin tukunya. Takardar ba ta yi gardama ba. Hatimin ne ya narke ya ɗiga a kan gawayi yana ƙauri.

Inna ta dafa kaina, abin da rabon da ta yi tun ina yarinya. "Allah ya yi miki albarka," ta ce. Ban iya cewa amin ba.

Daga nan na zama kamar kayan da aka ɗaure. A ce ɗauko in ɗauko, a ce ajiye in ajiye. Na soya ƙosai na ƙarshe na raba wa masu dako na kan hanyarmu sadaka. Na ba Bayarabiyar nan kaskona. A raina ina ta shirya yadda zan yi in mun sauka: zan sunkuyar da kai, zan wuce ta cikin garin da yake tsare, wataƙila ta ƙofar gidan ma, ba zan waiga ba. Ina gaya wa kaina ai ana ba shi abinci, ai ba a dake shi ba, wata rana za a shirya ya biyo ayari ya neme ni. Da wannan nake samun barci.

Saura kwana biyu, Gwaggo Jummai matar Baffa Ɗanbaba ta zo yi mini kitson tafiya, ƙanana waɗanda za su kai kwana arba'in. Muka zauna a bakin matakala inda haske yake. Mace ce mai yawan magana, hannunta na aiki bakinta na aiki. Inna na ciki tana daka yaji a ɗan turmin da muka aro, Baba na kwance.

"Ni dai kin burge ni, 'yar nan," in ji Gwaggo, tana tsaga da tsinke. "Da ni ce a shekarunki, ban san ko zan iya ba. A ce mutum ransa na hannunki, ki zaɓi mahaifinki. Aljanna kika saya."

"Ransa kuma, Gwaggo? Ai tsare shi kawai aka yi."

Hannunta ya tsaya a kaina.

"Au. Ba a gaya miki ba?"

"Me?"

"Babu komai. Juyo nan."

Na riƙe hannunta. Ban taɓa yi wa babba haka ba. "Gwaggo, don girman Allah."

Ta leƙa cikin ɗaki, ta dawo da bakinta kusa da kunnena. Ta ce matuƙin da ya kawo wasiƙar ya ba Baffa sauran labarin da baki. Da aka tsare Idirisu ya roƙi sarki, ya ce shi ba na Turawa ba ne, ɗan gari ne, har matarsa na hanya za su zauna a nan. Sarki ya ce to, magana ta yi sauƙi. In jirgin Salvador ya iso, matar ta zo gabansa da shaidar cewa tasa ce, zai sake shi su zauna a garin ƙarƙashin idonsa, ita da iyayenta, har a shirya da Turawa. In jirgi ya iso babu ita, ya tabbata maƙaryaci ne, za a tura shi cikin ƙasa inda ake tura bayin sarki.

"Shi bai rubuta miki ba don kada ya ɗaure ki," in ji ta. "Na ɗauka kin sani kika ƙona. Baffanki ya ce ya gaya wa Altine tun ranar."

Sai a lokacin na lura dakan ya tsaya.

Na juya da rabin kai a tsefe. Inna na tsaye a bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ba ta musa ba, ba ta kuma kawar da ido ba. Hawaye na bin fuskarta, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Na sani," ta ce. "Ko yau aka sake, haka zan yi."

Na so in yi ihu, na so in ruga bayan gida in tona tokar da aka kwashe tun kwana huɗu. Ina zaune a kan matakala, tsinken kitso na soke a gashina, mutane na wucewa ta sama da mu suna harkarsu.

Daga cikin ɗaki muka ji motsin buzu, sannan tari, sannan muryar Baba a hankali.

"Uwata, shigo. Me Jummai ta ce game da yaron nan?"

Inna ta dube ni, ta girgiza kai sau ɗaya.